Baƙuwa Ko 'Yar Gida: Sharhi A Kan Hanyoyi Biyu Na Sa 'Yan Mata Karatun Kimiyya

Birnin Kudu da Gwaram maƙwabtan juna ne. Suna can kudancin Jihar Jigawa, cikin ƙasar Sarkin Dutse, wajen da ta yi iyaka da Bauchi. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da dubu 300 a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, a ta Gwaram kuwa sama da dubu 270, galibinsu manoma da makiyaya. Birnin Kudu ta daɗe da yin suna wajen ilmin zamani, gama kwalejin gwamnati ta maza da ke can ta yaye mutane da yawa waɗanda sunansu ya kai ko'ina, har da Alhaji Aliko Dangote. A garin kuma akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya, ga makarantar jiha ta koyon aikin jinya da unguwarzoma. Wanda ya ji wannan lissafi sai ya ce ai yarinyar da aka haifa a Kantoga ko Basirka kakarta ta yanke saƙa, tun da ilmin kimiyya ya biyo ta har ƙofar gida.

Amma sa yarinya makaranta abu guda ne, zamanta a ciki har ta ƙare wani abu ne dabam, kuma a nan ne yawancin hasara ta ke aukuwa. An saba yin ƙidaya a bakin ƙofa, ran da aka ɗauki ɗalibai, a faɗa a rediyo a ce bana an ɗauki mata kaza. Ba safai a kan koma bayan shekara uku a sake ƙirga su ba, a tambayi ina wance, ina wance. Wadda za ta fita kuwa ba ta yin sallama. Hutu a kan tafi, a dawo babu ita, sai a ji an ɗaura mata aure, ko ta haihu, ko kuwa ita da kanta ta ce ba za ta iya ba. Abin ya fi tsanani a karatun kimiyya da fasaha, watau Lissafi, da Fiziks mai bayanin ƙarfi da motsi da haske da lantarki, da Kemistiri mai bayanin haɗe-haɗen sinadarai, da Bayoloji mai bayanin jikin mutum da dabba da tsiro. Wannan karatu kamar gini ya ke. In tubali ɗaya ya ɓace a ƙasa, kome aka ɗora a bisa sai ya karkace.

Cikin kusan shekara hamsin da suka wuce an gwada manyan hanyoyi biyu a wannan ƙasa don a sa 'ya'ya mata cikin wannan karatu. Ya kamata a auna su da mudu ɗaya, mudun kuwa shi ne: yarinyar da aka kai, baƙuwa ta zama a wurin, ko 'yar gida? Bahaushe ya san bambancin. Baƙo a kan girmama shi, a ba shi ruwa, a yi masa shimfiɗa, amma ba ya buɗe tukunya, ba ya yawan tambaya, in ya ji yunwa sai ya haɗiye, kuma kullum ransa yana ga ranar tafiya. Shi ya sa aka ce baƙo raɓa ne. 'Yar gida kuwa ko an yi mata faɗa da safe ba ta ɗaure kayanta, da maraice tana nan tana tuƙa tuwo. Ɗalibar da ta faɗi jarrabawar Kemistiri, in baƙuwa ce sai ta ce dama ba wurina ba ne. In 'yar gida ce sai ta nemi wadda ta ci ta ce, “Zo ki nuna mini.”

Hanya ta fari ta soma cikin 1977, sa'ad da ƙasar Jigawa duka tana cikin Jihar Kano, zamanin mulkin Kanar Sani Bello. Gwamnati ta duba ta ga asibitocinta da ma'aikatunta sun dogara ga baƙi, 'yan jiha masu ilmin likita ko injiniya ba su taka kara sun karya ba. Sai aka kafa makarantun sakandare na musamman don kimiyya, biyu na farko a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, dukansu na maza. A lokacin a kan bi sauran makarantu a yi wa yaran da suka gama aji biyu jarrabawa, waɗanda suka ci a kwashe su a kai su makarantar kwana, inda aka tara malamai da ɗakunan gwaje-gwaje. Sai cikin 1981 aka buɗe ta mata a Taura, daga baya aka ƙara wata a Jahun. Da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano cikin 1991, waɗannan biyu suka faɗo cikin rabonta. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan shekaru goma na farko na wannan shiri.

Ba a raina wannan aiki. A da mutane da yawa, har da waɗansu masu ilmi, sun ɗauka lissafi mai zurfi ba abin kan mace ba ne. Makarantun nan sun kashe wannan gardama da matan da suka yaye, waɗanda a yau akwai likitoci da masu haɗa magani da malamai a cikinsu. Makarantar kwana kuma ta yi wa yarinya wata rana wadda gida ba ya iya yi mata. Ta raba ta da talla, da ɗaukar ruwa, da surfe, da goyon ƙanne, ta ba ta fitila da dare da awa biyu na shiru. Abin da ya fi wannan duka, ta sa ta cikin aji wanda kowa a ciki mace ce, kowa kuma kimiyya ta ke karantawa. Babu samarin da za su fashe da dariya in ta ɗaga hannu ta yi tambaya. A wannan fuska an sami abin da a ke nema, gama wadda ta shiga ta zama ɗaya cikin 'yan'uwanta.

Aibin shirin yana bakin ƙofa. Jarrabawar shiga rariya ce, kuma rariya ba ta tambayar hatsi a wace gona ya fito. Takardar jarrabawa ba kaifin kai kaɗai ta ke aunawa ba, tana auna irin makarantar da yaro ya zauna a baya, da irin Turancin da ya ji. 'Yar ma'aikaci a Dutse, wadda ta tashi da littafi a ɗaka, da 'yar manomi a Fagam, wadda malami ɗaya ke riƙe da ajinsu da na ƙannensu, takarda ɗaya a ke miƙa musu a rana ɗaya. A ɗauki 'yar Fulani daga rugagen da ke kewaye da Gwaram. Da Fulatanci ta buɗe baki, da Hausa ta ke sayar da nono, da Larabci ta ke karatun allo, sa'an nan a aji a ke tambayarta da Turanci. Yarinyar da ke juya harshe huɗu ita ce za a dubi makinta a ce ba ta da ƙoƙari. Wannan hukunci yana da wuyar karɓa ga mai hankali.

Aibi na biyu ya fi na fari ɓoyuwa. Dabarar shirin dabarar dashe ce: a tumɓuke tsiro mai kyau daga inda ya fito, a kai shi fadamar da aka gyara. Manomin shinkafa ya san dashe yana kyau, ya kuma san ba kowane tsiro ke jure shi ba, balle in an kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwarsa. Daga Gwaram zuwa Taura tafiya ce ta ratsa jihar daga kudu zuwa can yamma, da sauya mota a hanya. Uba talaka ya kan yi lissafin kuɗin motar nan sau shida a shekara, uwa kuwa ta kan yi lissafin maganar maƙwabta, masu cewa an kai budurwa inda ba mai ganinta. Yarinyar tana iya zama 'yar gida a makaranta, ta dawo hutu ta tarar ta soma zama baƙuwa a ƙauyensu, tsararrakinta duk sun yi aure, hirarsu ba tata ba. Ran da ita ma aka ɗaura nata, ƙofar makarantar sakandare ta kwana ta rufu, domin ba a gina ta da tunanin matar aure ko mai goyo ba.

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce, kuma akwai amfani a ji yadda waɗansu suka yi fama da ita. A Amurka akwai waɗansu kwalejoji na shekara biyu, masu araha, kusa da unguwannin talakawa, waɗanda ba sa tsananta sharaɗin shiga. Cikin masu cika su akwai 'yan matan da a ke kira Latina, watau waɗanda asalin iyayensu daga Meziko ne da sauran ƙasashen da ke kudu da Amurka, masu magana da Sifaniyanci a gida. Da yawansu su ne na fari a zuriyarsu da suka taka kwaleji. Daga gida su ke zuwa, suna aikin neman kuɗi, suna taya renon ƙanne, kuma in sun shiga ajin injiniya ko na kwamfuta su kan tarar maza ne suka cika shi. Masu shiga da niyyar kimiyya suna da yawa, masu kai wa ƙarshe ba su kai haka ba. Mai karatu ya ga kamannin da kansa.

Malaman can sun daɗe suna gardama a kan dalili. Wani mai suna Vincent Tinto ya bayyana ra'ayinsa cikin 1975, ya faɗaɗa shi a littafi cikin 1987, cewa ɗalibi yana tsayawa ne in ya narke cikin jama'ar kwaleji, kuma hakan ya kan bukaci ya ɗan saki jama'ar da ya baro. Wannan ita ce dabarar dashe da aka ambata. Waɗansu suka ce a'a. Laura Rendón, wadda ita kanta 'yar talakawan Latina ce daga garin Laredo, kuma a irin kwalejin nan ta fara, ta nuna cikin 1994 cewa irin waɗannan ɗalibai su kan zo da shakkar kansu, kuma abin da ke tsai da su shi ne wani babba, malami ko ɗan'uwa, ya riga su miƙa hannu, ya san sunansu, ya ce musu za su iya. Cikin 1997 Sylvia Hurtado da Deborah Carter suka bincika ɗalibai 'yan wannan asali, maza da mata, suka ga waɗanda ke tattauna darasi da abokansu bayan an tashi aji, da waɗanda ke cikin ƙungiyoyin addini da na taimakon jama'a, su suka fi jin kwalejin tasu ce. Ashe riƙe gida bai hana riƙe karatu ba, sau da yawa ma shi ke tallafa masa.

Hanya ta biyu da aka gwada a Jigawa ta fi kusa da wannan ra'ayi. Cikin 2012 aka soma wani shiri da kuɗin taimakon gwamnatin Ingila, sunansa Women for Health, watau Mata Domin Lafiya, a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. Dalilinsa sananne ne ga duk wanda ya zauna ƙauye. Mata da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwarsu, mazansu ma ba sa yarda. Asibitin ƙauye kuwa ba mace ma'aikaciya, in an turo wata daga birni ba ta daɗewa sai ta nemi canji. Saboda haka mace ta kan yi naƙuda a ɗaka har abin ya ɓaci. Wanda ya je asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ke aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008, ya ga ƙarshen irin wannan jinkiri da idonsa. Maganin da aka hango shi ne a horar da 'yar ƙauyen da kanta, ta koma ta yi wa danginta aiki.

Sai aka ci karo da katanga. Ba a shiga makarantar jinya ko ta unguwarzoma sai da kiredit biyar, a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma a zama ɗaya ko biyu na jarrabawa. 'Yan matan karkara da yawa sun gama sakandare, amma a makarantun da Fiziks sunansa kawai suka ji. Don haka shirin ya ƙirƙiro abin da a ke kira shekarar share fage. Wadda ba ta cika kiredit ba a koya mata na waɗansu watanni ta sake zama jarrabawa. Wadda ta cika a yi mata gajeren shiri don jarrabawar shiga. Makarantar jinya da unguwarzoma ta Birnin Kudu tana cikin makarantun da shirin ya yi aiki da su.

Abin yabo a nan shi ne yadda aka riƙa zaɓe a lokacin shirin. Ba takarda kaɗai ke zaɓe ba. A kan je ƙauyen a zauna da dagaci da liman da iyaye, a faɗa musu abin da a ke nufi, su nuna 'yarsu, da alkawarin in ta gama za ta dawo ta yi musu aiki. In matar aure ce a nemi yardar mijin a gaban mutane. Mai karatu ya lura da abin da wannan ya canja. Karatun ya tashi daga zama son zuciyar yarinya guda, wanda kowace tsohuwa za ta iya sa wa baki, ya zama saƙon gari. Wadda gari ya aika ba a yi mata gorin tafiya. In miji ya so ya fasa daga baya, ba da matarsa kaɗai zai yi ba, sai ya haɗa ido da liman.

A cikin makarantun kuma an taɓa abubuwan da masu tsara ilmi su kan ɗauka ƙanana ne. An gina ɗakunan kwanan mata, an ware wuri ga masu goyo, an yi ɗakin renon yara da masu duba su, an kuma horar da mata su zama malamai a makarantun. Wani zai ce wannan aikin magina ne, ina ruwansa da kimiyya? Ruwansa kuwa babba ne. A tsarin da a ke bi a lokacin, kwas ɗin shekara uku ne, kuma bayan wata shida na farko a kan yi wata jarrabawa mai zafi, wadda ta faɗi a sallame ta. Mace mai jariri ɗan wata huɗu, in ba inda za ta ajiye shi, ba sunayen ƙasusuwan jiki ne za su kayar da ita ba, rashin barci ne. Ɗakin reno yana gaya mata abin da jawabin shugaban makaranta ba ya iya gaya mata, watau an san da irinta tun kafin ta zo.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ko da ya ke da kuɗin Turawa ta dawo. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, da ta so ilmi ya kai ga matan karkara ba ta ce kowace mace ta bar ɗakinta ba. Ta naɗa jajis, dattawan mata waɗanda garuruwansu suka amince da su, su ke jagorantar 'yan taru zuwa wurinta, su koma da karatu su rarraba a gidaje. Amanar gari ce ta ɗauki ilmin. A zamanin nan ma akwai shaida daga marubuta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ta ajin ilmin manya. A labarinta mai suna Wa Zai Auri Jahila? na 1990, yarinyar da aka cire daga makaranta aka ba tsoho ba ta kai ga zama ma'aikaciyar jinya da ƙarfin zuciyarta kaɗai ba, sai da ta sami wata babba cikin danginta a birni wadda ta buɗe mata ɗaki. Marubuciyar ta san inda gizo ke saƙa.

Duk da haka hanya ta biyu tana da nata raunin, kuma ba daidai ba ne a rufe shi don an ji daɗin ɗakin reno. Na fari, ƙofa ɗaya tak ta buɗe. An karɓi yarinyar ne domin gari yana bukatar unguwarzoma, kuma domin aikin jinya ya dace da abin da jama'a suka riga suka yarda mace ta yi. To, wadda kanta ya fi karkata ga lantarki fa, ko ga gyaran injin ban-ruwa, ko ga awon ƙasa, ko ga kwamfuta? Jigawa ba ta rasa wuraren koyon waɗannan ba. Akwai kwalejin fasaha ta jiha a Dutse, akwai ta tarayya a Kazaure mai sunan Hussaini Adamu, akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa tun 2013. Amma shirin bai aika kowa ƙauye ya tara dagaci da liman a kan 'yar da za ta karanta injiniya ba. Alhali kuwa ƙauyen da famfonsa mai aiki da hasken rana ya lalace, ya zauna wata da watanni ana jiran mai gyara daga birni, bukatarsa ga wannan ba ta da nisa da bukatarsa ga waccan. In aka tsaya a nan, sai a wayi gari an koya wa mutane cewa kimiyyar mace iyakarta gadon asibiti. Wannan ci gaba ne, amma shinge ne aka matsar, ba a cire shi ba.

Na biyu, share fage gyaran ɓarna ne, ba ya hana ta. Abin da aka rasa cikin shekara goma sha biyu na firamare da sakandare a ke so a cike a 'yan watanni. Waɗansu su kan cike, don yunwar karatu tana sa mutum abin mamaki, amma muddin makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye ba ta da malamin Fiziks, za a yi ta ɗebo ruwa ne da tulu mai huda. Akwai kuma wani hatsari da aka gani a Amurka. A kwalejojin nan na shekara biyu an daɗe ana tura ɗalibai masu rauni azuzuwan gyara kafin su fara karatun sosai, sai aka lura da yawa a nan su ke maƙalewa har su gaji su tafi. Cikin 2017 Jihar Kalifoniya ta yi doka ta taƙaita wannan, aka koma sa ɗalibi cikin ajin sosai ana tallafa masa a gefe. Darasin da ke ciki shi ne ajin share fage yana iya zama zaure. Zaure kuwa, kome kyansa, wurin baƙi ne. In 'yan share fage suka shiga makaranta da wannan suna a goshinsu, 'yan birni suna kallonsu a kaikaice, to an kai su cikin gida amma ba a ba su ɗaki ba. Gyaran wannan yana hannun malamai, da yadda su ke haɗa ɗalibai wajen aiki da wajen kwana.

Na uku, kuɗin na wani ne, kuma shirin ya ƙare cikin 2020. Tun kafin ya ƙare ya nemi jihohi su karɓi share fagen su sa shi cikin kasafin kuɗinsu. Gini ya kan tsaya bayan mai shi ya tafi, amma albashin mai reno, da abincin ɗalibai, da man motar da za ta shiga ƙauye a zauna da iyaye, waɗannan sai an sake fitar da su kowace shekara, kuma su ne a kan fara yankewa in aljihu ya yi zafi, don ba a yanka musu ƙyalle a ɗauki hoto.

In aka ɗora hanyoyin biyu a ma'auni, ta fari ta fi zurfin karatu da faɗin fage, gama wadda ta fito Taura ko Jahun da sakamako mai kyau tana iya nufar likita ko injiniya ko duk abin da ta so. Ta biyu ta fi sanin mutane. Ta gane cewa yarinya ba ita kaɗai ke zuwa makaranta ba, tana tafe da uwa da uba da miji da goyo da maganar gari, kuma wanda ya ƙi shigo da waɗannan ta ƙofa za su shigo masa ta taga su fitar da ita. Babu abin da ya hana a ɗauki dabarar ta biyu a kai fagen ta fari: a zauna da iyaye a Sara ko Sundimina kafin a kai 'yarsu makarantar kimiyya, kwalejin fasaha ta yi ɗakin reno kusa da ɗakin injuna, a kuma riƙa buga adadin waɗanda suka gama kusa da adadin waɗanda aka ɗauka, shekara da shekara, makaranta da makaranta, har da dalilin fitar kowace.

Akwai kuma rabon da ke hannun iyaye, musamman waɗanda suka yi yaƙi da jahilci da girmansu. Su sun san abin da malamin da ya tashi cikin boko bai sani ba. Sun san nauyin zama a kan benci da furfura, da kunyar riƙe alli a gaban mutane, da daren da mutum ya kan ce gobe ba zan koma ba. Uwar da ta sha wannan ba ta bukatar sanin Kemistiri kafin ta taimaki 'yarta. Ran ziyara ta je, ko da ƙuli-ƙuli da garin kwaki kaɗai za ta riƙa. Ta nemi malamar ajin su gaisa, ta faɗa mata sunan garinsu. In yarinyar ta bugo waya tana kuka ta ce ta faɗi gwaji, kada a ce mata to dawo gida, a tambaye ta wa ya ci a ɗakinsu, kuma yaushe za a sake. In ta zo hutu a ce ta buɗe littafin ta nuna hoton zuciya, ta faɗi da Hausa ta ina jini ke shiga, ta ina ya ke fita, ƙannenta da kishiyar uwa suna zaune suna ji.